Ranar da Lawal Ya Yi wa Dodo Sabis

Monica mai abinci ce ta fara gaya mini. Ran Asabar da hantsi ta shigo aron turmi, ta ce, "Mama, yaronki yana can gareji ya tara mutane, wai yau shi zai kashe dodo."

Na ce, "Wane yaron?"

Ta ce, "Oga Lawal mana."

Na ajiye tsintsiya na zauna. Lawal ɗan farina ne. A garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, amma abin da ya yi a ranar ya cire mini wannan kunyar, don haka ga sunansa nan, Lawal, bakanike a Apo, nan Abuja, shekara ashirin da shida yana kwance ƙarƙashin motocin mutane. Yana da kirki, ba ya cin nama sai ya aiko mini. Ciwonsa ɗaya ne, bai taɓa ganin abu ya ce bai iya ba.

Bari in faɗi yadda dodo ya shigo gidanmu. Jikata Juwairiyya, 'yar Lawal ɗin, malamar firamare ce. Duk Asabar bayan Azahar tana shimfiɗa tabarma a tsakar gidan hayarmu, 'yan gida su zauna su yi wani wasa. Ba karta ba ne, ba kuma caca ba, sai da na bincika da kaina. Tatsuniya ce da ake yi tare. Juwairiyya ce mai riƙe da labari, sauran kowa yana da mutum ɗaya a ciki da yake magana da bakinsa. In mutum ya ce zai yi wani abu, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Lamba babba, ya yi nasara. Ƙarama, ya sha kunya. Akwai littafin doka mai kaurin bulo, akwai kuma kwamfuta shafaffiya kamar faranti, ni allo nake ce mata. Allon ne yake riƙe da taswira, yake ƙirga ran kowa, in an sare ka ya rage maka, in ranka ya ƙare ka mutu. Ni ba na yi. Ina gefe ina tsince wake ina ji, shekara biyu.

Masu yi da gaske su biyu ne. Akwai Zakariyas fanal bita, mai gyaran jikin mota, shi maƙeri ne a labarin, mai guduma. Sai Fortune, nas ce, ɗakinta yana kallon nawa. Ta zo Abuja ba ta san kowa ba, watanta uku ban ga haƙoranta ba sai da ta zauna a tabarmar nan. A labarin ita maharbiya ce, ta sa mata suna Ladi, sunan mahaifiyarta da ta rasu. Wani dodo mai suna Shanye-Kogi ya zuƙe ruwan ƙauyen Ladi, shekara biyu tana bin sawunsa, kuma Asabar da ta wuce ne suka iso bakin kogonsa.

To ga inda gizo yake saƙa. An yi wa Fortune canjin aiki zuwa Abaji, ran Lahadi mota za ta kwashi kayanta. Wannan Asabar ita ce ta ƙarshe. In ba ta harbi dodon nan yau ba, shi ke nan. Ita kuwa Juwairiyya ran Juma'a aka yi wasannin tsere a makarantarsu, ta wuni tana ihu, ta dawo ba murya. In ta buɗe baki iska ce kawai take fita.

Lawal ya ga ƙofa. Da safe ya ɗauki allon ya tafi da shi gareji, wai zai yi masa sabis.

Da Azahar sai ga shi da akori-kura cike da benci. An sauke lasifika, an sauke majigi, an sauke janareta. Yaran gareji da iyayen gidansu, masu sayar da kayan gyara, har da mai yankan farce, duk suka biyo shi. Ya shiga ɗakina ya ɗauko farin zanin gadona ya rataya a igiyar shanya.

Na ce, "Kai wannan, zanina ne fa."

Ya ce, "Inna, yau zaninki zai shiga tarihi."

Majigin ya ƙi kallon zanin, yana haska ƙafafun mutane. Lawal ya waiga, ya ga littafin doka a hannun Juwairiyya, ya karɓa ya cusa a ƙarƙashin majigin. Hoto ya hau daidai. Ya ce, "Kun gani? Yanzu littafin ya yi amfani."

Juwairiyya ta ɗauki biro da takarda ta rubuta ta ɗaga: BABA ME KA TAƁA A CIKIN ALLON?

Ya ce, "Gyara, 'yata. Shekara biyu kina jan labari ɗaya bai ƙare ba, ai da ji kin san akwai abin da ya toshe. Turawa in sun ƙera abu sai sun cika shi da tarkacen da bai dace da ƙasarmu ba. Mota ta shigo hannuna, me nake fara yi?"

Yaransa suka amsa baki ɗaya, "Cire tamosta, oga!"

"Fanka fa?"

"A jona ta dairek, oga!"

"To haka na yi wa wannan. Na shiga saitinsa na ga wani abu wai ƙirgen rai. Shi ne yake ja wa wasan nauyi. Na kashe shi."

Surajo mai gyaran wutar mota yana zaune a bencin gaba. Shagonsa yana jikin na Lawal, kuma tun da aka haɗa su katanga ba su taɓa yarda da juna a kan ko ƙarfe nawa ne ba. Ya ce, "Injiniya, in ka kashe ƙirgen rai, da me za a mutu?"

"Da bugu, Surajo. Kai dai tsaya ga fis."

Fortune ta fito da kwalliya, ta sa rigar da take zuwa coci da ita. Ta gaishe ni ta zauna. Ta kalli taron nan, ta kalli Juwairiyya, Juwairiyya ta sunkuyar da kai.

Aka fara. Gaskiya a faɗe ta, da dodon ya fito a zanina sai da na ja kwanon wakena baya. Ƙato ne, cikinsa kamar tankin ruwa. Lawal ya kama makirfo ya yi gurnani har jaririn maƙwabta ya farka.

Fortune ta ce, "Ladi ta ja baka, ta saita wuya."

Aka danna allo, ɗan lido na cikinsa ya gangara, sha takwas. Jama'a suka yi tafi.

Lawal ya ce, "Ya shiga! Kibiya ta shiga!"

Fortune ta ce, "Nawa ya rage masa?"

Lawal ya leƙa allo. Inda lamba take zama babu komai, fili fetal. Ya ce, "Yana jin jiki. A fuska dai ba ya nunawa."

Ta sake harbi, sha tara. Zakariyas ya ce maƙeri ya sauke guduma a goshi, sha bakwai. Dodo yana tsaye kamar an biya shi. Sai dodon ya rama, ya haɗiye maƙeri ɗungurungum.

Zakariyas ya cire hula. Ya ce, "To, na mutu ke nan. Allah ya ji ƙan maƙeri."

Lawal ya ce, "Ba ka mutu ba, ga ka nan a taswira."

"Ba ya haɗiye ni ba?"

"Ya haɗiye ka, amma kana lafiya."

"A cikin cikinsa?"

"Akwai fili."

Cikin rabin awa an haɗiye Zakariyas sau huɗu. An sa wa dodo kibiya talatin da ɗaya, ya koma kamar bushiya. Monica, da ta riga ta kafa kular shinkafarta a bakin ƙofa, ta ce, "Wannan faɗa kamar na ni da mijina ne, kowa yana bugu, ba wanda yake tafiya."

Juwairiyya ta ɗaga takarda: BABA SHAFI NA 212.

Ya ce, "Shekara ashirin da shida ban buɗe manuwal ba, ba a kan dodo zan fara ba. Kuma in na zare littafin, hoto zai faɗi."

Sai wani jan rubutu ya fito a kusurwar zanin yana ƙyaftawa. Surajo ya karanta da ƙarfi, wai gargaɗi ne, faɗan ba zai iya ƙarewa ba.

Lawal ya yi dariya. "Jar wutar dashbod ce. Ba ta da wata ma'ana, tsoratar da mai mota ne kawai." Ya zaro baƙin salatif daga aljihu ya manna a kan allon. Rubutun ya ɓace a allo, amma yana nan a zani ɓaro-ɓaro. Ya tafi ya manna salatif a zanina. Rubutun ya koma tsakiya. Ya bi shi. Ya koma sama. Ya hau benci ya bi shi.

Na ce, "Kai, zanin gadon aurena ne, ba tayar keke ba!"

"Inna, ki bari in yi aiki."

Da zanin ya cika da faci, sai ya tsaya ya kama ƙugu. Ya kara allon a kunne, ya ƙwanƙwasa bayansa da ɗan yatsa. Ya ce, "Na gano. Iska ce ta shiga layi. Sai an yi masa kamar birki. Zakariyas, zo nan. Ka ga wannan maɓallin mai alamar ƙari? In na ce famfa, ka yi ta dannawa. In na ce riƙe, ka riƙe."

Juwairiyya ta miƙe tsaye tana kaɗa hannu biyu kamar mai tare tasi. Ba wanda ya kula.

"Famfa! Famfa! Famfa! Riƙe!"

Dodo ya zama huɗu.

"Iskar ce take fita. Famfa! Famfa! Riƙe!"

Zakariyas ya riƙe. Ashe in ka riƙe, abin gudu yake yi. Dodanni suka dinga tsirowa a zanina kamar kwaɗi bayan ruwan sama, har suka rufe maharbiya, ba ka ganin komai sai kan bakanta. Surajo ya tashi ya ƙirga da sanda. Arba'in da ɗaya.

Ya ce, "Injiniya, mun zo da dodo ɗaya mara lafiya, ka mayar mana da garke."

"Masu sauƙin kashewa ne. Ƙarfin ya rabu gida arba'in da ɗaya. Lissafi ne, ba za ka gane ba."

To shi allon mai adalci ne, kowa da layinsa. Dole kowane dodo ya yi nasa bugun kafin a dawo kan Fortune. Kuma duk bugu sai ya jefa lido, lasifika kuwa tana kururuta ƙarar, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Kajin mai gida suka haura katanga. Mai yankan farce ya yanke wa wani nama. Dodanni goma sha biyu suka haɗiye Zakariyas a jere, shi kuwa ya je ya sayi shinkafa ya dawo yana ci yana tambaya, "Yanzu cikin na wa nake?"

Mutane suka rabu biyu. 'Yan bencin hagu suka koma bayan dodanni, wai su ne aka shigo wa gida. Wani mai sayar da taya ya zaɓi dodo na bakwai ya sa masa suna Alhaji Ƙarami. Aka tashi yin La'asar aka dawo, ana kan dodo na ashirin da shida.

Ni Fortune nake kallo. Ta daina dariya tun a kan salatif. Tana zaune ta haɗa hannu a cinya tana jiran layinta, kamar masu jiran ta a asibiti.

Na ce, "Lawal, ka ba yarinyar nan allonta ta gyara."

"Inna, an kusa. Zafi kawai ya ɗauka." Ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa wa allon kamar mai zazzaɓi.

A dodo na talatin da tara allon ya yi ƙara, wai caji saura kashi uku. Aka nemi caja. Kan cajar yana gareji, igiyar kawai ya taho da ita. Surajo ya ce bari ya aika a ɗauko nasa, minti biyar ne.

Da wani ne ya faɗa, da an zauna lafiya. Amma Surajo ne.

Lawal ya ce, "Ina da wuta a mota zan jira cajar mai fis?" Ya fita, ya dawo yana nishi da batirin tifa a kafaɗa. Ya fere igiyar da haƙori.

Surajo ya miƙe. "Lawal, don girman Allah. Allon nan wutar volt biyar yake sha. Abin da ka ɗauko zai tayar da tifa."

"To zai yi saurin cika."

"Zai ƙone!"

"Abin da ya fi ƙarfi shi ya fi kyau. Kai shi ya sa har yau shagonka ɗaya."

Juwairiyya ba ta tsaya neman takarda ba, a tafin hannu ta rubuta A'A ta kai masa har gaban hanci. Ya ce, "Na gani, 'yata, kina tsoro. Haka masu mota suke yi."

Dodo na arba'in da ɗaya ya gama bugunsa. Sunan Ladi ya fito a zani. Fortune ta gyara zama, ta buɗe baki. Lawal ya jona waya.

Ba wata babbar ƙara ba ce. Ɗas, kamar an fasa ƙwai. Sai wani siririn hayaƙi ya fito ta gindin allon, mai warin gashin akuya. Zanina ya koma fari, ba kowa a kai sai salatif.

Tsakar gida ta yi tsit, janareta kaɗai ke magana.

Lawal ya kalli allo, ya kalli jama'a. Ya ɗauki makirfo. Ya ce, "Jama'a, kun shaida. Arba'in da ɗaya, bugu ɗaya. Ko ƙashinsu bai rage ba. Abin da aka kasa shekara biyu!"

Yaransa biyu suka fara tafi, suka ga su kaɗai ne, suka daina.

Fortune ta tashi ta kakkaɓe rigarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Oga Lawal, na gode da benci. Amma ba kai ne za ka kashe shi ba." Ta durƙusa ta ce mini, "Mama, zan je in ƙarasa ɗaure kaya." Ta shiga ɗaki ta ja labule.

Daga nan aka watse. Mai taya yana tambaya ko Alhaji Ƙarami ya tsira. Surajo ya dafa kafaɗar Lawal ya ce gobe zai kawo masa rediyon surukarsa, tana damun su da surutu, a yi mata irin wannan sabis ɗin. Lawal ya kwashi bencinsa shi kaɗai, don yaransa duk sun tuna ana kiran su a gida. Da magariba ya zo ƙofata yana soshe-soshen ƙeya, wai allon dama jabu ne. Na ba shi tuwonsa na juya masa baya. Shirun uwa ya fi mari, ya sani.

Washegari, Fortune ta dawo daga cocin safe, motar kaya ta zo, aka loda gado da katifa da buhunan tufafi. Kafin direba ya ɗaure igiya, na sa aka ɗaga ni na hau bayan motar na zauna a kan katifa da carbina.

Direba ya ce, "Hajiya, Abaji za ki?"

Na ce, "Ba inda za ni, kuma ba inda za ka, sai an gama wani aiki. Juwairiyya, kawo littafinki da lidon gaske. Zakariyas, bar wankin nan. A kira mini Lawal."

Ya zo yana murza ido. Na ce, "Yau kai ne bakin 'yarka. Abin da ta rubuta shi za ka karanta. Ka ƙara kalma ɗaya, in sauko in same ka."

Juwairiyya ta jingina littafin a jikin mota ta yi rubutu, Lawal yana karantawa kamar ɗan aji biyu. Dodo ɗaya ne. Kibiyoyin jiya sun ci shi, saura ƙiris. Ladi tana da kibiya ɗaya tak. Sha biyar ko sama, ta same shi. Ƙasa da haka, ya koma ƙarƙashin ƙasa da ruwan.

Direba ya danna hon. Na ce in ya ƙara zan sa Lawal ya duba masa inji. Ya cire hannu.

Fortune ta hau ta tsuguna gabana. Ta karɓi lidon daga hannun Juwairiyya. Ta ce, "Ladi ta ja baka." Ta hura wa lidon iska ta jefa. Ya buga a ƙarfen gado, ya gangaro ta gefen buhu, yana juyi yana juyi har gaban ƙafata. Kafin ya kwanta na ɗora silifas a kai.

Na ce, "Ashirin."

Fortune ta ce, "Mama, ɗaga ƙafa."

"Ƙafar tana ciwo. Ashirin ne. Ya faɗi, cikinsa ya fashe, ga ruwa can ya nufi ƙauyenku, yara suna bin sa da gudu. Ki je ki gaya wa Ladi ta ajiye baka ta yi wanka."

Juwairiyya ta rubuta wani abu da sauri. Lawal ya karanta, "Kaka, doka ta ce a gani."

Na ce, "Dokar ta hau mota ta ɗaga ni."

Fortune ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa kai a cinyata ta jiƙa mini zani. Zakariyas ya ɗaga hannu sama yana ihun a fito da shi daga cikin dodo tukuna.

Lawal ya matso jikin mota ya rage murya. "Inna, to ai abin da na yi ke nan jiya. Ni ma doka na cire."

Na ce, "Kai ka cire don a ce ka iya. Zo ka sauke ni a hankali."

Na sunkuya na damƙe lidon a tafin hannu ban duba ba, na tura shi cikin jakar Fortune na ja zif. Aka sauke ni, direba ya tayar da mota, na tsaya a bakin titi ina ɗaga mata hannu har suka sha kwana.